Zuƙar taliya a Japan ba abin kunya ba ne

Tambaya: Anti dan Allah zan je Tokyo, wai da gaske ne suna zuƙar taliya da ƙara a gaban mutane?

Amsa: Gaskiya ne ƙanwata, a shagon ramen ko soba (irin taliyarsu ce) za ki ji ana ta zuƙa fuuu ba mai kallon wani, haka ma take saurin hucewa, kuma ki ɗaga kwanon ki kurɓi romon ba komai. Soba mai sanyi kuwa tsoma ta ake a wata miya da suke kira tsuyu kaɗan-kaɗan. Sandunan cin abincin dai kar ki soka su a tsaye cikin shinkafa, a jana'iza suke haka. Abin da ya fi damuna romon ramen ɗin da suke kira tonkotsu, na ƙashin alade ne wallahi, ki tambaya kafin ki yi oda.