Amsar Kawu Kan Hedifon Da Toshe Kunne

Ɗana, saƙonka ya iso. Na karanta na yi murmushi, daga baya kuma na yi shiru ina tunani. Ka ce ka tara kuɗi ka sayi babban hedifon, ka jona a wayarka sautin ya fito siriri ba nauyi, sannan ranar suna Goggonka ta yi maka faɗa don ta gan ka da abu a kunne a tsakiyar mutane. Kana tambaya wace waya za ka saya, kuma ko laifi ne a al'adarmu mutum ya toshe kunne yana jin abinsa.

Mu da muka taso, sauti ba na mutum ɗaya ba ne. Bayan sallar isha ake fito da rediyo ƙofar gida, a murɗa gajeren zango ana laluben Kaduna, kowa ya yi tsit. Da kaset ya shigo, da biro muke mayar da zarensa don kada batir ya ƙare.

A farkon shekarun 1980 wani maƙwabcinmu ya dawo daga Hajji da tsarabar Walkman, 'yar na'urar jin kaset a kunne wadda kamfanin Sony ya fara fitarwa a 1979. Aka shimfiɗa tabarmi a zaurensa, masu barka da zuwa suka cika, ga dabino ga zamzam, amma idon kowa na kan 'yar akwatin nan mai igiya da soso biyu. Aka sa kaset ɗin kalangu ana miƙa wa juna. Da aka zo kan kakanka, Allah ya jiƙansa, ya tura hula baya, aka ɗora masa. Sai muka ga ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ɗaga murya ba tare da ya sani ba ya ce makaɗin ya shiga cikin kansa. Ya ce yana jin sa'ad da mutumin ke matse kalangun a hammata muryarsa ta hau, ya saki ta sauka, har numfashin 'yan amshi yana ji. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka a kan abin duniya ba. Ana cikin haka limamin unguwa ya yi sallama a bakin ƙofa, ya sake yi. Kowa ya amsa ban da kakanka. Da aka taɓa shi ya cire abin, annurin fuskarsa ya ɗauke, ya miƙe ya riƙe hannun liman yana ba shi haƙuri.

A hanyar gida kakanka ya ce mini, amsa sallama haƙƙi ne, duk abin da zai hana ka jin ta to ka san inda za ka ajiye shi. Ya kan ce kunne ya girmi kaka, domin da shi ake jin abin da ya faru tun ba a haifi mutum ba. Bai taɓa cewa na'urar haram ce ba, ya ma sake aronta. A ɗakinsa dai yake ji.

Yanzu sai in ga yaro ya wuce dattawa kunnuwa a cushe, ya tsallaka titi mai babur na ta hon bai ji ba. Abin na damuna. Kuma kuna ƙure sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma jin da ƙara ta cinye ba ya dawowa.

Maganar waya kuwa, shekarun da na yi ina gyaran rediyo sun koya mini cewa a fara duba tushe. Waƙar da mai turi ya matse ta don ta shiga memori ta riga ta rasa rabin daɗinta, ko da wace waya ka ji ta. Sannan waƙa a cikin waya lambobi ce, akwai 'yar na'ura da ake kira DAC mai mayar da su sauti, da amfilifaya mai tura shi zuwa kunne. Ƙaramin iyafis mai om 32 (om shi ne ma'aunin turjiyar da yake yi wa lantarki) kowace waya na iya ɗaukarsa, amma babban hedifon mai om 250 ko 300 yana son ƙarfin da yawancin wayoyi ba su da shi. LG ya yi wayoyi masu DAC na musamman irin su V20, sai ya daina yin waya a 2021. Apple kuwa tun 2016 ya cire ramin iyafis daga iPhone 7, wasu suka bi sahu. Bluetooth yana da sauƙi, amma sai ya ƙara matse sautin kafin ya aika.

Ina ganin ba sai ka canja waya ba. Akwai ɗan guntun igiya mai DAC da amfilifaya a ciki da ake sawa a ramin caji, bai kai kuɗin sabuwar waya ba. Duba kwalin hedifon ɗin ka gaya mini om nawa aka rubuta kafin ka kai kuɗinka kasuwa.