Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Kilishina Ba Ya Kama Da Na Madawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mana tsarabar kilishi daga Madawa, ya yi wata biyu bai canza ba. Na gwada yi a gida, labun (kwaɓin tunkuza da yaji da ake tsoma naman a ciki) ya zube, bayan kwana biyar kuma ya yi fumfuna. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Madawa gari ne a jihar Tawa ta Nijar, kan babbar hanyar Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, kusa da Galmi mai albasa. Garin ya yi suna da kilishi, kuma a 2021 aka yi wa kilishin Nijar rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, a matsayin kayan da ke da asalin wuri. Mahautan can suna yin iri uku: ja, fari, da rumuzu wanda ba a tsoma shi a labu, mai da yaji kawai ake shafa masa.

Matsalarki ruwa ce, tun daga shanyar farko. Ki sayi tsokar cinyar sa, ki cire kitse da jijiya kakaf, domin kitse shi ke fara wari. A feɗe ta falle-falle har ki hango hasken rana ta cikinta. Ki shanya kan karan dawa ko asabari, sama da ƙasa saboda ƙura, ki juya idan gefe ɗaya ya bushe. Da hunturu ko bazara wuni guda ya isa. Da damina kuwa gara ki haƙura.

Sai labu. Ga nama kilo 2, ki tanadi tunkuza kamar kilo 1, albasa 3 da aka markaɗa, citta, masoro, kanumfari, kimba, barkono da gishiri. Kanumfari kaɗan, in ya yi yawa ɗaci yake kawowa. Ki dama da ruwa ya yi kaurin kunu. In ya tsinke ba zai kama ba, in ya yi tauri zai ɓare bayan gashi, kuma tunkuzar da ba a matse manta sosai ba ita ma zamewa take yi. Ki tsoma busasshen naman ya jiƙa, ki sake shanya shi sai labun ya daina manne wa yatsa. Nan yawancin masu gaggawa ke faɗuwa.

Gashi a kan garwashi ake yi, ba harshen wuta ba, minti 3 zuwa 5 kina juyawa. Ki bar shi ya huce sarai kafin ki naɗe shi a takarda mai tsabta. Leda tana tara gumi, gumin nan ne ya jawo miki fumfuna.