Tutar da ka gani a kan makarar Baba Kanar

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a kan bidiyon jana'izar Baba Kanar, Allah ya jiƙansa. Ka ce me ya kawo tuta da busa a jana'izar Musulmi, kuma me ya sa muka tare titi da rumfuna, muka kashe kuɗi haka ranar arba'in. Tambayar tana kan hanya, don ko a nan Nima, unguwarmu a birnin Accra na Gana, akwai malaman da ba su so abin ba.

Da farko, ba mu ajiye gawa ba. Maƙwabtanmu a nan Gana sukan bar mamaci a mutuware makonni, wani lokaci watanni, ana shirin biki. Mu kuwa da asuba ya cika, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa likkafani, liman ya sallace shi. Sojoji sun san halinmu, su suke bin lokacinmu. Tutar a kan makara kawai ta tsaya, a bakin kabari aka naɗe ta aka miƙa wa babban ɗansa. Busar ma sai da aka gama rufe shi.

Abin da ba za ka gani daga Kano ba shi ne matsayin kaki a wurinmu. Kakanninmu ta hanya biyu suka zo: fataucin goro ta Salaga, da aikin soja. Turawa sun kwaso dakarun Hausawa daga Legas lokacin yaƙinsu da Asante a 1873 zuwa 1874, a kansu aka gina rundunar ƙasar nan. Hausa ta daɗe tana harshen bariki, har Mosi da Dagomba da Gurunsi da ita suke magana da juna, kuma taken rundunar kansa "Kullum Shiri" ne. Mahaifin Baba Kanar yana cikin waɗanda aka kai ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. Shi kuma ya zama hafsa, ya je Labanan, ya je Laberiya da ECOMOG, rundunar ƙasashen Yammacin Afirka, a 1990, sannan Ruwanda a 1994, shekarar kisan kiyashi, lokacin da Beljiyam ta kwashe sojojinta, na Gana suka tsaya a ƙarƙashin Janar Anyidoho. Ruwanda ce kaɗai ba ya so a taɓo. Da an ambace ta sai ya jawo carbi ya sunkuyar da kai, mu ma mu yi shiru.

To duk da wannan, a 1969 gwamnatin Firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ya yi kuka a shekarar nan. Mutanen da aka yanke cibiyarsu a Kumasi aka loda su a mota zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Har gobe ɗan zango in ya je neman fasfo yakan sha tambayar daga ina kakansa ya fito. Shi ya sa da sojoji suka sara wa makarar ɗanmu a gaban jama'a, na ga tsofaffi suna share hawaye da bakin rawani. Wallahi ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Zancen arba'in kuwa, mu "addu'a" muke kiransa. Gidajenmu ƙanana ne, ba mu da zaure irin naku, titi shi ne zaurenmu. Ana sauke Alƙur'ani, sarkin zango ya zo da mutanensa, a raba sadaka. Tsofaffin abokan aikinsa Kiristoci ma sun zo da lambobin yabo a ƙirji, suka zauna tsit har aka shafa fatiha. Na yarda da kai, kashe kuɗin ya soma wuce gona da iri, musamman anko da mata ke ɗinkawa, kuma limamanmu suna faɗa a huɗuba. A tasa addu'ar iyalansa sun hana anko, suka biya wa marayu na makarantar allon unguwa kuɗin jarrabawa, yadda ya saba yi daga fanshonsa.