Amsa: James Monroe soja ne na gaske ko ɗan siyasa kawai?

Malam ka tambaya wai shin Monroe, tsohon shugaban Amurka wanda aka sa wa Monrovia ta Laberiya sunansa, ya taɓa zuwa fagen fama da gaske ko kuwa kakin kawai ya saka? Ya je wallahi, har saura ƙiris ya sheƙa barzahu. Yana ɗan shekara 18 ya ajiye karatu a kwalejin William and Mary ya shiga rundunar George Washington a yaƙin neman 'yancin kan Amurka, suka tsallake kogin Delaware cikin daren sanyi da ƙanƙara, da safe ranar 26 ga Disamba 1776 a garin Trenton harsashi ya same shi a kafaɗar hagu ya tsinka jijiyar jini, wani likita ne ya yi maza ya ɗaure wajen, in ba haka ba da tuni an wuce gurin. A nan aka ba shi kyaftin.

Amma fa wani abu da nake yawan gani gun ɗalibaina in muna tarihin Amurka, sai su ɗauka yaƙin ne ya kai shi kujera. Ni ban yarda ba gaskiya. Mutumin ya nemi a ba shi rundunar da zai jagoranta bai samu ba, shi ne ya koma ya karanci lauya a hannun Thomas Jefferson, wanda a lokacin shi ne gwamnan jihar Virginia, kuma wannan uban gidan shi ya buɗe masa ƙofa. 1782 ya shiga majalisar dokokin Virginia yana ɗan 24 kacal, 1783 majalisar tarayya, 1790 sanata, shugaban ƙasa kuwa sai 1817, shekara 40 ke nan bayan harbin.