Inshorar mota: takardar da ke hannunka, wa take biya?

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole ya aiko mini da tambaya. Ya sayi Hilux ta hannu, yana ɗauko wake da gyaɗa daga ƙauyukan Mirriya da Magariya zuwa cikin Damagaram. Ya je yin asirans, wato inshora, aka lissafa masa farashi kala uku, yana so ya san bambancinsu da wadda ta dace da shi.

Alhaji, Allah ya sa albarka a motar. Mafi arha a cikin ukun ita ce ta dole, wadda jandarma ke tambaya a hanya. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma dokar ta wajabta wa duk mai mota wannan takarda. To amma ba kai take biya ba, wanda ka yi wa ɓarna take biya. Ka buge ɗan kabu-kabu, ka rushe katangar wani, ka bi ta kan saniyar makiyayi, kamfani zai ɗauki nauyin. Motarka kuwa ko ta ragargaje, ko dala ba za su ba ka ba. Direban da ke tuƙi ma ba ya ciki, haka kayan da ke baya.

Na taɓa tsayawa a kan wani bawan Allah da taya ta fashe masa kusa da Takeita, motar ta kife. Buhunan wake sun yage, mata na tsince a cikin rairayi da ƙwarya, shi kuma yana riƙe da takardar asirans cikin leda yana cewa ai kamfani zai biya. Ta dole ce kawai a hannunsa. Wallahi ranar na rasa bakin da zan faɗa masa gaskiya.

Ta biyu, ana ɗora wa ta dolen ƙari ne: sata, gobara, fashewar gilashi, wani lokaci da karo da wata motar da aka san mai ita. Kowane ƙari da kuɗinsa, kana iya zaɓa.

Ta uku ita ce "tu risk", wadda ke gyara motarka ko kai ke da laifi, ko kai kaɗai ka faɗa rami. Sunan yana ruɗin mutane, sai su ɗauka komai ta haɗa. Ba ta biyan lalacewar inji ko tsufan taya. Akwai kuma kason da kai za ka ɗauka a kowane haɗari, faranshiz: misali idan naka jikka 100 ne, gyara ya ci jikka 400, su jikka 300 za su ba da. In motar ta tashi aiki gaba ɗaya, darajarta ta ranar haɗari ake dubawa, ba kuɗin da ka saye ta ba. Kamfanoni ma ba su cika yarda su yi wa tsohuwar mota irin wannan ba.

A nawa ganin, tunda motar ta hannu ce, ka ɗauki ta dole, ka ƙara gobara da sata, ka ƙara wadda ke biyan direba idan ya ji rauni ko ya rasu. Wannan ta ƙarshe kada ka yi mata ƙyashi, mutumin yana da iyali. Sannan ka yi lissafi: lodi ɗaya na wake lokacin kaka nawa ne? Idan asararsa za ta karya maka jari, ka nemi inshorar kayan da ake ɗauka, takarda ce daban. "Tu risk" ta fi dacewa da sabuwar mota, ko wadda aka saya da bashin banki.

Ka faɗa musu gaskiyar aikin motar. Wasu kan ce ta hawa ce don a rage musu kuɗi, alhali kaya take ɗauka, ranar haɗari kuma kamfani ya samu hujjar ƙin biya ko rage diyya. Ka biya kuɗin duka ka karɓi rasit, domin a dokar CIMA inshora ba ta fara aiki sai an biya. Ka tabbata direbanka yana da farmi, wato lasisin tuƙi, da ya dace da motar.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, kada a gusar da mota sai ƴan sanda ko jandarma sun yi kwansta, wato sun rubuta rahoton yadda haɗarin ya faru. Ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 5 na aiki, in sata ce cikin awa 48. Kafin ka sa hannu kuma, ka tafi da wanda ya iya Faransanci ya karanta maka shafin abubuwan da ba su biya, layi bayan layi.