Kafin ka ce batir ya mutu

Ka tambaye ni me ya sa na hana ka sayo wa mai Corolla ɗin nan sabon batir, alhali in an murɗa makulli ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas. To zauna ka ji, ɗana.

Batir randa ce, altaneta kuma ɗan garuwan da ke cika ta. In ka tarar da randa ba ruwa, ko ta tsage, ko ɗan garuwa ya daina zuwa, ko wani na ɗiba da dare. Bawan Allahn nan wata huɗu kacal da sayen batirinsa. In muka sa shi ya sake saye, gobe ta sake tsaya masa a titi, mun ci haƙƙinsa.

Ido ne farko. Ka ga farin garin nan da ya taru a kan batir? Shi kaɗai ma ya isa ya hana wuta wucewa. Ka wanke da ruwan zafi, ka kankare, ka ɗaure tamau. Ka kuma danna bel ɗin da ke juya altaneta da babban yatsa, domin in ya saki, altaneta ba zai juya yadda ya kamata ba.

Sai mitar auna wuta. Mota a kashe, batir mai cikakken caji zai ba ka wajen volt 12.6. In ka ga 12 ko ƙasa, ya zube, amma zubewa ba mutuwa ba ce. Ka yi masa caji, ka mayar, ka sa wani ya tayar kana kallon mita. In ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da sitata ke ja, to randar ce ta tsage. In ta tashi lafiya, ka bar mitar a wurin. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, ko da ka kunna fitilu da AC kada ya sauka sosai. Ya tsaya a 12 da ɗoriya? Altaneta ba ya caji, mota cin batir kawai take yi. Ya haura 15? Regileta, mai daidaita wutar altaneta, ta lalace, tana dafa batirin, har za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka taɓa cire kan batir inji na aiki wai don gwaji. Na san ka ga ana yi. Zamanin Fijo 504 ke nan. Motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da su, wuta na yin tsalle sau ɗaya kwamfutar na iya ƙonewa, kuma kuɗinta ya fi na batir nesa ba kusa ba.

Ɗazu da muka samu Corollar ta tashi na auna ta, 12.2 na gani inji na aiki, fitilar batir kuma na kunne a dashbod. Ɗauko sifana ka kwance altanetan. Ina zargin kabon ɗinsa, ɗan gawayin da ke goguwa a ciki yana kai wuta, ne ya cinye, in shi ne, sai ka leƙa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota ta Kano, ka samo mana.