Buta 500 daga Yishing, kuma ko ɗaya ba ka taɓa riƙewa a hannunka ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da tangaran da kayan kicin a Kano. Ƙanin mai ɗakina yana Gwanzu a ƙasar Chaina, shi ke yi min lodin kaya. Ya turo min hotunan wasu ƙananan butocin shayi na yumɓu, ya ce aikin hannu ne na garin Yishing, ya samu mai ba shi a kan yuwan 40 (kuɗin Chaina) kowace ɗaya, alhali a intanet irinsu na kaiwa dala 100 zuwa sama. Na tura masa rabin kuɗin guda 500. Nawa ya kamata in sa musu farashi, kuma in tallata a Instagram ko in kai wa manyan kantunan Abuja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye maganar farashi da Instagram tukuna. Ka fitar da kuɗin buta 250 a kan hoto da muryar surukinka, babu samfur, babu takarda. Sayen kifi a ruwa ke nan, kuma wanda ya nuna maka kifin shi ma bai san ruwan ba.

Ban ce yaron maci amana ne ba. Mai yiwuwa ya fi ni gaskiya. Amma riƙon amana daban, sanin kaya daban. Ya iya cika kwantena, ya san masu dako, ya san lungunan Shiyawbei inda 'yan kasuwarmu ke sauka. Wa ya koya masa yumɓu? Yishing tana lardin Jiyangsu ne, kusa da tafkin Tai, fiye da kilomita 1,000 daga inda yake zaune. Abin da ya faɗa maka, abin da mai shago ya faɗa masa ne, kai kuma ka karɓa saboda ƙanin matarka ne. Da baƙo ne ya zo maka da wannan ciniki, da ka yi masa tambaya goma kafin ka taɓa waya.

Lissafin ma bai zauna ba. Butar Yishing ta gaskiya, wadda suke kira zisha, daga dutse ake fara ta. Ana haƙo shi, a bar shi ya sha rana da ruwa har ya farfashe, a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa, a ajiye ya kwana watanni, wani ma shekaru. A 2005 hukuma ta taƙaita haƙar dutsen Hwanglong inda mafi shaharar yumɓun yake. Magini yana buga yumɓun da gudumar katako har ya zama falle, ya yanka, ya naɗe, sannan ya riƙa bubbuga jikin da ɗan faifan katako, yatsunsa na tokare daga ciki, har cikin buta ya fito. Baki, mariƙi da murfi kowanne daban ake yi a haɗa. Sai gashi a wuta mai zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, inda yumɓun ke tsukewa, wasu su tsage a zubar. Buta ɗaya tana cin kwanaki. To wane magini ne zai yi aikin kwanaki, ya sayi yumɓu, ya biya gashi, dillali ya ci, mai shagon Gwanzu ya ci, sannan ta iso hannun surukinka a yuwan 40? Kuma har guda 500 iri ɗaya sak?

Abin da ake samu a wannan kuɗi na zubi ne: a dama yumɓu ya yi ruwa a ɗura a abin zubi, ana fitarwa kamar bulo. Wani lokaci ma ba yumɓun Yishing ba ne, gama-gari ne aka rina, abin da gidan talabijin na gwamnatin Chaina da kansa ya fallasa a 2010. Kada hatimin da ke gindin buta ya ruɗe ka. Hatimi sassaƙa shi ake yi, kuma sunayen manyan magina aka fi sata. Dala 100 da ka gani, da labarin butocin shahararren magini marigayi Gu Jingzhou da ake gwanjonsu a miliyoyin yuwan, duk gaskiya ne, amma kasuwar masana ce da suka shafe shekaru suna shafa buta. Ni dai da zarar na ji an ce riba ninki goma sha, kuma duk 'yan Chainan da ke zaune a bakin kayan ba su farga ba sai mu, nakan rufe littafi.

A ce ma na gaskiyar ne. Wa zai saya? Butar nan ba ta wuce mililita 100 zuwa 200 yawanci. Ba a ɗora ta a wuta. Ganye ake zubawa, a kwarara tafasasshen ruwa, a tsiyaye cikin daƙiƙu. Ba a shafa mata ruwan gilashi irin na tangaran ba, don haka jikinta na shan ƙamshi, shi ya sa masu ita ke ware buta ɗaya ga shayi iri ɗaya, kuma sabulu ba ya taɓa ta. A wajensu wannan ne darajarta. Mu kuwa fa? Koren ganyen da ake sha daga Agadas har majalisun Kano na Chaina ne, amma a butar ƙarfe ake tafasa shi a kan gawayi, da sukari, da na'a-na'a, wani da citta da kanumfari. Uwargida za ta zuba madara, 'yar aiki ta wanke da omo, cikin mako buta ta ɗauki gafi, a dawo maka da ita shago. Da surukinka ya san kayan, wannan zai fara faɗa maka.

Na taɓa zama sulhu a kan irin wannan. Wani mai sayar da jakunkunan mata ya tura wa ɗan yayarsa kuɗi a kan jakar fata zalla. Kaya suka iso, roba ce mai kama da fata, zafin sito ya sa ta fara ɓarewa. Alhajin ya rantse fata ya ce, yaron ya rantse cewa aka yi mai kama da ta hoto. Babu rubutu ko layi ɗaya, wayar da ke da saƙonnin murya ta ɓata. Kuɗin bai dawo ba, yayar tasa kuma ta daina shiga gidansa. Kai naka ya fi wannan tsauri, domin 'yar'uwar yaron a ɗakinka take kwana.

Don haka kada ka tura cikon. Yau ɗin nan ka rubuta masa, rubutu ba murya ba: nawa ka tura, nawa ya bai wa mai kaya, ina rasit, menene sunan shagon, kuma akwai kamashon da mai kaya ke ba shi? Ka yi tambayar kamashon cikin mutunci, abu ne da aka saba a can. In yana karɓa, gara ka yanka masa lada bayananne daga wajenka, ka san wa yake yi wa aiki.

Sannan ya auno maka guda 5 ta jirgin sama, daga cikin kwalin da za a loda, kada ya karɓi na kan kanta. Ka cika ɗaya da ruwa, ka tsiyaya, ka toshe ƙaramin hujin murfi da yatsa. In murfin ya zauna daidai ruwan zai tsaya. Ka zuba tafasasshen ruwa ka shinshina, in ka ji warin fenti ko man goge takalmi, magana ta ƙare. Wannan gwaji zai nuna maka ko buta ce mai amfani, ba zai tabbatar maka aikin hannu ba, saboda haka kada ka rubuta "aikin hannu" a talla.

Kafin alƙalamin da ka bayar da wuya ya dawo a kuɗi. Ya roƙi mai kayan ya juya shi zuwa abin da ka san kansa, kofuna da farantan tangaran, in yana da su ko yana da maƙwabcin da za su daidaita. In har zuciyarka na kan butocin, ɗauki 20, ka sayar da su a matsayin kayan ado da kyauta, ka rubuta ranar da kowace ta fita da wanda ya saya. Bayan wata uku ka turo min shafin.